A Riƙa Rage Masa Nama

Tashar mota,
Laraba da rana.

Auta,

Assalamu alaikum. A kan gwiwata nake rubuta miki wannan, mota saura mutum biyu ta cika, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Asibiti ya cinye mana safiyar gaba ɗaya, ban samu na dawo gida na yi wa Inna sallama ba. Na saka Baba a tasi, direban zai miƙa miki takardar nan.

Likita ya duba ƙafar. Ya ce ba targaɗe ba ne, ba kuma sanyi ba ne yadda Inna take cewa. Wani irin gishiri ne ya yi yawa a jininsa, yake kwanciya a gaɓar babban yatsa, shi ya sa take kumbura tana zafi. Abu uku ya ce: magani safe da yamma, ruwa da yawa, sannan a riƙa rage masa nama. Sauran bayanin yana cikin takardar da ya rubuta, tana aljihun Baba, ki karɓa ki karanta.

Kada ya taka keken ɗinki sai an koma, wato nan da wata biyu. Mun yi magana da shi a gaban likita: idan aka sake gwada jini ba a ga sauƙi ba, za a rufe shago, a kawo keken gida a lulluɓe shi da zane. Ya amince. Na san shekara arba'in da ɗaya a sana'a ba wasa ba ce, amma ƙafar ta fi.

Kin san can madatsar ruwa waya ba ta kamawa. Ki riƙa ba direban motar kayan abincinmu wasiƙa, yana shigowa gari duk mako biyu. Ki gaishe da Inna da Dogo.

Yayarki.

*

Daga gida,
ranar Asabar.

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa lafiya, kuma ruwan da kike aunawa yana zaune inda kika bar shi. Duk muna lafiya, in ban da ƙafar da kika sani. Baba ya ce in gaishe masa da Uwarsa, wato ke, tunda har yau bai yarda ya kira ki da wani suna ba.

Saƙonki ya iso, kuma an yi aiki da shi fiye da yadda kike zato. Na karanta wa Inna a kicin, ta ce ai dama ta faɗa, mutumin nan ya rame, jini ne babu, ga shi har likita ya gani. Tun daga ranar aka kafa doka: duk wanda aka zuba wa abinci, kafin ya kai loma baki sai ya tsame namansa ya saka a ƙaramin kwanon nan mai murfi, shuɗin, wanda kike tara maɓallai a ciki da kina gida. Shi ne yanzu kwanon Baba. Ni nakan rage masa biyu cikin uku. Inna gaba ɗaya take ba shi, wai ita haƙoranta sun gaji.

Dogo ne abin kallo. Kin san halin ƙanenki, mutumin da in ya dawo daga gareji yake fara leƙa tukunya kafin ya wanke hannu. Ranar farko ya daɗe yana juya cokali, ya zaɓi mafi ƙanƙanta ya saka. Inna ta kafa masa ido, ya mayar da cokali ya ɗauko babban. Yanzu mako biyu ke nan rabonsa da tsoka, ya koma wake da ƙwai, yana ta ƙorafin wai ƙarfin ɗaure noti ya bar hannunsa. Ni ban ga alama ba.

Mahaucin bakin kasuwa ma ya shigo ciki. Inna ta ba shi labari, shi kuwa ya ce Baba ne ya ɗinka masa rigar da ya fara sana'a da ita, ba zai yiwu likita ya yi magana shi ya zuba ido ba. Kullum sai ya ɗora mana hanta ko ƙoda a kan abin da muka saya, ya ce wannan na maigida ne, kada kowa ya taɓa.

Baba yana ci. Yakan buɗe murfin, ya ɗan ƙura wa kwanon ido, sannan ya cinye tas. Da safe yakan ɗingisa zuwa shago, ya buɗe ƙofa, ya zauna a benci shi da maƙwabcinsa mai gyaran agogo. Keken yana nan bai taɓa shi ba. Duk wanda ya kawo yadi sai ya ɗaga masa ƙafar, mutum ya yi masa sannu ya wuce gaba.

Abin da ban gane ba shi ne ƙafar, don ƙaruwa take yi. Yatsan ya yi ja yana sheƙi, jiya ko zanen gado bai yarda ya taɓa shi ba, takalmin ma sai da Dogo ya yanke masa gaba da reza. Magani yana sha, ruwa yana sha. Inna ta ce ƙila naman ne bai isa ba, tana shawarar a ƙara masa kaza ranar Juma'a. Takardar likita kuwa na tambaya sau biyu, ya ce bai san inda ya jefa ta ba.

Ki faɗa mana in akwai abin da ba mu yi ba. Allah ya tsare mana ke.

Ƙanwarki,
Auta.

*

Madatsar ruwa,
Litinin.

Auta,

Salamu alaikum. Direba zai koma gari gobe ɗauko gas, na ce ya biyo ta gida. Na karanta wasiƙarki sau biyu a tsaye.

Cewa na yi a rage masa nama. A rage. A ba shi kaɗan. Ba cewa na yi ku rage masa naku ba. Naman shi ne yake kawo gishirin nan, hanta da ƙoda kuwa su ne kan gaba. Wato mako biyu kuna zaune ku uku kuna haƙura da rabonku kuna kumbura masa ƙafa, har da taimakon mahauci. Ke da kike koyar da harshe a makaranta, ban san me zan ce miki ba.

Ga yadda likita ya tsara, tunda takardar ta yi ɓatan dabo. Ba hana shi nama aka yi ba, don ya ce wanda aka hana gaba ɗaya shi ne yake ci a ɓoye. Kwana biyu a mako zai ci, yanka ɗaya da bai wuce tafin hannunsa ba, kuma tsoka, ban da kayan ciki, ban da romo. Sauran kwana biyar akwai wake, ƙwai, madara, dankali, kabeji, karas, da duk ganyen da aka samu a kasuwa. Kada a sauya komai rana ɗaya. Ku fara da abincin da ya saba, a dafa shi yadda aka saba, a cire naman kawai a cika gurbinsa da wani abu mai tauna. Kuma kowa ya ci iri ɗaya, don in aka ware masa nasa shi kaɗai zai ji kamar an kwantar da shi a asibiti. Shuɗin kwanon a mayar masa da maɓallansa. Kazar Juma'a a bar ta da ranta.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ke da Inna ba ku shiga ɗakin likita ba, na yarda. Baba yana ciki. A gabansa aka faɗi komai, har likita ya kama tafin hannunsa ya gwada masa girman yankan, ya tambaye shi ko ya gane, ya ce ya gane. Ya kuma san alkawarin da muka yi a kan shago. Ki tambaye shi dalili, amma ba a gaban Inna ba.

Saura mako shida, ban ɗaga ranar ba. Ki gaishe su duka.

Yayarki.

*

Daga gida,
ranar Asabar.

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan kina lafiya, kuma fushin ya ɗan sauka.

Kafin komai, maganar harshe, tunda sana'ata kika taɓa. Na kai jimlarki ɗakin malamai na rubuta ta a allo yadda kika rubuta, na ce kowa ya faɗi abin da ya fahimta. Su bakwai ne. Huɗu sun ce a ajiye masa, biyu sun ce a ba shi kaɗan, malamin lissafi ya ce ya danganta da ko mutumin yana gida lokacin da aka sauke tukunya. A gidanmu tun muna yara in aka ce a rage wa wani abinci kin san abin da ake nufi, ke kanki sau nawa kika ce in rage miki shinkafa kafin ki dawo. Laifin namu ne mu biyu, na ɗauki rabi, ki zo ki ɗauki naki.

Inna ce ta ba ni tausayi. Da na bayyana mata sai ta zauna a kujerar kicin ta ce wato da hannunta take ƙara masa ciwo tana murna. Ranar ba ta ci abinci ba. Washegari ita da kanta ta je ta faɗa wa mahauci, shi ma ya ce daga yau ba zai ƙara yi wa kowa alheri ba sai ya ga takardar likita.

Baba kuwa a shago na same shi, mai agogo ya fita sayen batir. Ina share masa teburin yanka na ja aljihun teburin, sai ga takardar likita a ninke, an soke allurai uku a jikinta. Na ce Baba ga ta. Ya ce ai bai karanta ba. Na ce to, amma ya ji abin da likita ya faɗa.

"Na ji."

"Ka san naman nan shi yake kumbura ƙafar?"

"Na sani."

Ya ɗauki tef ɗin awo yana naɗewa a yatsa yana warwarewa. Na tambaye shi ko so yake ki rufe shagon, ya ce in na fita in ja masa ƙofa, rana tana dukan idonsa. Haushi ya kama ni ƙwarai, kuma ban ɓoye masa ba. Ni dai na ɗauka kwaɗayi ne, tsoho ya samu gida guda yana yi masa hidima. Inna, wadda na gaya wa duk da kin hana, ta ce ba kwaɗayi ba ne, kara ce: ya ga mun hana kanmu dominsa, ya kasa buɗe baki ya ce mun yi kuskure. Ta je ta yi masa kuka dai, kuma tun daga nan bai yi gardamar komai ba.

An fara tsarinki. Talata da Asabar ne ranakun nama. Na ɗora tafin hannun Baba a kwali na zana na yanke, na rataye shi a ƙusa kusa da ludayi. Dogo ya ce tunda kowa iri ɗaya zai ci, adalci shi ne a auna hannun kowa, aka ce masa na Baba ne ma'auni. Makon farko an sha wake har ya fita ran kowa, sai na koma dabara. Wata rana na ce musu yau akwai naman kaza, Dogo ya dawo daga gareji da wuri har da wanka. Da ya ga wannan ne mai tsirowa a jikin itace, ba mai fuka-fuki ba, ya ce zai kai ni ƙara. Ya cinye, ya nemi ƙari.

Abin da ya fi yi mini daɗi ranar Alhamis ne. Na soya dankali ya yi ja, na zuba a miya. Baba ya sa cokali ya ware shi gefe, ya ce yau ba ranar nama ba ce, me ya sa na saka masa. Na ce dankali ne. Ya kai shi dab da fuska ya duba, sannan ya ce lallai na iya girki. Ki rubuta wannan ki ajiye, don ke bai taɓa faɗa miki haka ba.

Kumburin ya fara saɓewa. Jiya ya saka takalmin da ba a yanke ba, ya je shago ba sanda. Kowa yana gaishe ki.

Ƙanwarki mai rabin laifi,
Auta.

*

Madatsar ruwa,
Lahadi.

Auta,

Salamu alaikum. Na karɓi rabina. Da na rubuta a ba shi kaɗan da ba a kai nan ba. Ki ce wa Inna ta yafe mini, ba hannunta ba ne, alƙalamina ne.

Kwaɗayi ban yarda ba. Kara ma ban cika yarda ba. Baba bai taɓa jin nauyin gyara kuskure ba, rigar da ta karkace da rabin inci sai ya farke ta a gaban mai ita. Amma tunda yana bin tsarin yanzu, ki bar shi. Ba dole ne mu san komai ba.

Ni ma na fara a nan, don kada in zama mai kafa doka daga nesa. Na ce wa mai dafa mana abinci kwana biyu kawai zai riƙa saka mini nama, ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne. Bai kai wuyar da na zata ba, in ban da ranar da aka gasa kaza ƙamshi ya cika ofis.

Ki sani ba son rufe shagon nake yi ba. Na faɗa ne don ya ji tsoro ya sha magani, kuma tun ranar raina bai kwanta ba. In sakamako ya yi kyau, ki sa Dogo ya zuba wa keken mai ya duba bel ɗin kafin Baba ya hau. Ba zan samu zuwa ranar asibiti ba, ruwa ya fara hawa, ba a ba kowa hutu sai ƙarshen wata mai zuwa. Ke za ki raka shi. Ki shiga ɗakin da ƙafarki, ki rubuta duk abin da aka faɗa.

Na gaishe ku.

Yayarki.

*

Daga gida,
ranar Asabar.

Yaya,

Salamu alaikum, tare da albishir. An je, an dawo, shago ya tsira.

Gishirin ya sauka. Likita ya matsa yatsan da ƙarfi, Baba ko motsi bai yi ba. Ya ce a ci gaba da magani, tsarin abincin kuma ba na wata biyu ba ne, na zama ne. Keke kuwa ya hau ko gobe in ya so. Baba ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ya sake tambaya ko ba gara a ƙara wata ɗaya ba don ƙafar ta yi ƙwari. Likita ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin tela mai gudun keke ba. Na rubuta har da wannan, tunda kin ce in rubuta komai.

A tasi yana ta kallon taga. Na ce masa zan rubuto miki yau, ya ce to. Na ɗauka gajiya ce, layin gwajin jinin ya yi tsawo.

A gida Inna ta so ta ƙara masa yanka na biyu don murna, Dogo ne ya ɗauko kwalin nan ya ɗora a kan faranti. Shi ne ɗan sandan kicin yanzu. Rigar aikinsa ta yi masa yawa, ya daina barcin rana a ƙarƙashin mota, har yana yi wa abokan aikinsa wa'azin wake kamar shi ya ƙirƙiro shi. Jiya ya je ya yi wa keken wanka da mai, ya sauya bel, ya taka shi ba zare, ƙarar ta cika layin.

Labari ya riga ya zaga. Shugabar makarantarmu ta aiko da yadin rigunan yara ashirin, ta ce dama shi take jira, ba ta yarda da ɗinkin kowa ba. Mahauci ya kawo nasa, ya ce in ba a karɓi hanta ba ai a karɓi yadi. Teburin yanka ya cika har da bisa benci. Na wasa masa almakashi, na sayo sabon alli. Ranar Litinin zai fara.

Sai kin zo ki gani da idonki. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki,
Auta.

*

Daga shago,
Laraba.

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Maƙwabcina mai gyaran agogo ne yake rubuta wannan, ni nake faɗa. Shi kaɗai ya san maganar, yanzu kuma ke.

Ƙafa ta warke, na gode. Ranar Litinin na hau keke. Daga safe har rana ta take ina neman kafar allura ban same ta ba, sai mai agogo ne ya zura mini zaren. Na ɗinka hannun riga ɗaya, na shafa da yatsa, na ji layin ya tafi inda ya ga dama. Shekara guda ke nan ina fama. Alli ba na ganinsa a kan yadi, sai in yi aiki in farke in sake. Tabarau na gwada har uku. Da ƙafar ta kumbura na samu abin da zan nuna wa mutane, shi ya sa na ci naman. Innarku ba ta da laifi, kada ta ji wannan.

Ciwon ƙafa sannu ake yi mini. In aka ji ido ne, kowa zai koma gida ya ɗauko rigar da na ɗinka masa bara ya duba.

Yadin mutane yana nan ban yanka ba. Idan kin zo hutu ki fara biyowa ta shago kafin gida. Ke kika ce za ki rufe shi, ki zo ki rufe. In an tambaye ki, ki ce ƙafar ce.

Mahaifinki.